Neman kalmar Hausa: me za mu kira "koji"?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu fassara da malaman kimiyya, da kuma iyayenmu mata da suka san sirrin daddawa da kunun zaƙi. Kalmar da ta tsaya mini ta Japananci ce: koji, wani abu mai rai da suke reno a kan hatsi don haɗa giya da kayan girki. Na riga na jefa tambayar a baya, wasunku kuma sun aiko da shawarwari, zan bi su ɗaya bayan ɗaya a ƙasa.

Ga inda ta taso. A watan Disamban 2024, a zaman da hukumar UNESCO ta yi a Asuncion ta ƙasar Paraguay, aka shigar da hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. A wannan zaman dai aka shigar da wata sana'a ta Japan, wato ilimin gargajiya na haɗa giyar da suke kira sake ta amfani da koji. Duk mai son rubuta labarin nan da Hausa sai ya ci karo da kalmomin biyu, kuma kowacce da irin matsalarta.

Bari mu kawar da mai sauƙin tukuna. Idan ka rubuta "sake" a tsakiyar jimlar Hausa, mai karatu zai ɗauka sake yin abu kake nufi, ko yin sake da abin da aka ba ka amana. Su kansu Japanawa da kalmar suke kiran kowace irin barasa, ita wannan ta shinkafa kuwa nihonshu suke ce mata. Don haka ni dai "giyar shinkafa ta Japan" nake rubutawa. Giya ce, ƙarfinta ya kan kai kashi 15 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ban yarda a yi mata wani laushin suna irin "ruwan shinkafa" ba. Ni ba na sha, akasarin masu karanta wannan ma ba sa sha, shi ya sa ma ya kamata sunan ya fito fili yadda ɗalibinmu da ya sauka Tokyo ko Osaka ba zai ruɗe ba. Haka gidan da ake haɗa ta: su kura suke cewa, mu kuwa mun san abin da kura take nufi a wurinmu. "Gidan giya" kuma wurin sha ne a Hausa. Sai mu ce "gidan haɗa giyar shinkafa", ko da ya yi tsawo.

Koji ne mai wuya. Kuma ya fi giyar muhimmanci a gare mu, domin ba a giya kaɗai yake ba. Da shi ake yin miso, wani kwaɓin waken suya da suke miya da shi, da shi ake yin baƙin ruwan waken suya da suke kira shoyu, wanda yanzu ake samu a manyan kantunanmu, da shi ake yin ruwan tsamin shinkafa. Babban kaso na ɗanɗanon girkin Japan daga gare shi ya fito.

Bari in faɗi abin da na gani da idona a wani gidan haɗa giyar shinkafa da na ziyarta a Japan, don mu san abin da muke neman suna a kai.

A unguwar Nada ne, gefen birnin Kobe, inda ake haɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na giyar shinkafar ƙasar. Lokacin hunturu ne, domin da sanyi ake wannan aiki. Tun wajen neman izinin shiga aka gargaɗe mu: kada a fesa turare, kada kuma kowa ya ci natto ranar. Ku riƙe maganar natto ɗin nan, za mu dawo kanta. Aka ba mu hula da farar riga da takalman cikin gida.

Shinkafar da suke aiki da ita an surfe ta fiye da yadda muka sani. Inji ne ke ta goge bayan ƙwayar har sai ta koma 'yar dunƙule fara fat. A mai daraja da suke kira ginjo, abin da ya rage na ƙwayar ba ya wuce kashi 60 cikin ɗari, a daiginjo kuwa rabi ko ƙasa da haka. Sai a wanke, a jiƙa ana duba agogo, a tsame, a turara a wani ƙaton madambaci mai suna koshiki. Ba dafawa ake yi a ruwa ba. So ake ƙwayar ta yi tauri a waje, ta yi laushi a ciki, kowacce a ware. Na ga babban ma'aikacin ya ɗebi kaɗan da zafinta, ya murza a tafin hannu har ta zama curi, ya ja ta ya duba, sannan ya ɗaga kai aka fara kwashewa.

Wani kaso na shinkafar nan ake ɗauka a cikin ƙyalle a kai wani ɗaki mai bangon katako da ƙofa mai kauri. Baƙo ba ya shiga, ta gilashi muka leƙa. A waje sanyi na ratsa ƙashi, a ciki kuwa zafi ya kai wajen digiri 30 ga laima, ma'aikatan sai gumi suke. Suka baza shinkafar a kan wani dogon tebur. Mutum ɗaya ya ɗaga wani ɗan gwangwani mai bakin rariya sama da kansa, yana tafiya a hankali yana kaɗawa, wata ƙura mai launin kore-kore tana sauka. Da ya gama sai kowa ya tsaya cak, ba mai motsi, har ƙurar ta gama kwanciya a kan shinkafar. Sannan suka cuɗa da hannu, suka tara ta wuri ɗaya, suka lulluɓe da mayafai.

Wannan ƙurar ita ce irin. Abu ne mai rai, masana na kiransa Aspergillus oryzae. Cikin kwana biyu, wajen awa 48, zai tsiro ya kutsa cikin kowace ƙwaya. Yana girma yana fitar da zafi har shinkafar ta haura digiri 40, don haka dole a riƙa tashi cikin dare ana warware ta, ana juyawa, ana rarraba ta a ƙananan akwatunan katako, ana rage mayafi ko a ƙara. In aka bar ta ta yi zafi da yawa ta lalace, in ta huce da yawa aikin ya tsaya. Da aka kawo mana wadda ta gama a faranti, kowace ƙwaya ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari. Na tauna ɗaya. Babu barasa a cikinta ko kaɗan, sai wani ɗan zaƙi da ke fitowa a hankali in ka ci gaba da tauna.

Zaƙin nan shi ne dukkan sirrin. Shinkafa sitaci ce, yisti kuwa ba ya iya cin sitaci sai sukari. Koji ne ke fitar da sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, da kuma waɗanda ke narkar da furotin, wanda shi ke ba miso da shoyu ɗanɗanonsu.

To ga abin. Yanzu sai shawarwarin da kuka kawo, kuma na gode ƙwarai.

Mutane da yawa sun ce a rubuta "yistin shinkafa" a huta. Wannan kam kuskure ne, ba batun zaɓi ba. Koji da yisti halittu biyu ne, aikinsu biyu. Koji ya mayar da sitaci sukari, yisti ya mayar da sukari barasa, kuma a giyar shinkafa a tanki ɗaya suke aiki lokaci ɗaya, shi ya sa ƙarfinta ke kaiwa kusan kashi 20 kafin a sirka da ruwa. Masu sana'ar suna da wata magana da suka gada: na ɗaya koji, na biyu uwar yisti, na uku haɗin tanki. In muka ba koji sunan yisti, me za mu kira na biyun? Kuma mai karatu zai ɗauka duk abin da koji ya shiga yana bugarwa, alhali ba haka ba ne.

Hajiya, ke kika kawo "tsiro", kuma a gaskiya shawararki ce ta fi tsaya mini a rai. Kin ce mai kunun zaƙi kan jiƙa shinkafa ko dawa ta bar ta ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta zuba a kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da sukari ba, wasu kuma ɗanyen dankali suke sawa. Wallahi aikin ɗaya ne. Abin da tsiro ke yi wa kunu shi koji ke yi wa turarriyar shinkafa, kuma da tsiron dawa ake dafa burkutu. Abin mamaki ma, masu sayar da irin koji a Japan moyashi suke kiran hajarsu, kalmar kuwa tsiro take nufi. Kin ga ke nan tunaninki ya zo ɗaya da nasu.

Amma ga inda na tsaya, Hajiya. A tsiro, ƙwayar hatsin ce da kanta ke farkawa ta fitar da sinadarin. A koji kuwa ƙwayar ta riga ta mutu: an goge idonta wajen surfe, an kuma turara ta. Ba ta da halin tsirowa. Wani baƙo ne aka barbaɗa mata yake yin aikin. Nan ne ainihin bambancin giyar Turawa ta sha'ir, wadda ke tafiya a kan tsiro, da ta gabashin Asiya, wadda ke tafiya a kan funfuna. In muka ce "tsiron shinkafa", mai kunu za ta fahimci wani abu da ta sani sarai, amma ba shi ba ne. Ina ganin mu bar wa tsiro wurinsa, domin muna buƙatarsa a can.

Malam, kai kuma ka ce "daddawar shinkafa", hujjarka ita ce a dafa ƙwaya, a lulluɓe, a bar ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi, ta canza ƙamshi, ta zama abin ɗanɗano. A ido kam sun yi kama. To a nan maganar natto ta dawo. Natto waken suya ne da Japanawa ke dafawa su rufe har ya yi yauƙi da wari, suna ci da safe da shinkafa. Ƙwayar halittar da ke yin natto ita ce Bacillus subtilis, kuma ita ce dai babbar mai aiki a cikin kalwa idan ana daddawa. Wato in akwai daddawar Japan, natto ce. Ita kuwa wannan ƙwaya babbar abokiyar gabar koji ce. Tana son irin ɗumin da laimar ɗakin, ta fi shi saurin yaɗuwa, ga ta da wuyar kashewa. In ta shiga, shinkafar sai ta yi santsi ta lalace. Shi ya sa a al'adance ma'aikatan ba sa cin natto duk tsawon lokacin aiki, shi ya sa kuma aka hana mu ci ranar da za mu shiga. Saboda haka, Malam, ba zai yiwu mu ba koji sunan abin da ake gudun ya kusance shi ba. Amma ka ba mu kyauta ba ka sani ba: daga yau natto ta samu suna, daddawar waken suya ta Japan.

Wata ƙanwata da ke koyon Japananci ta kawo "furen shinkafa". Tana da madogara, domin ɗaya daga cikin haruffa biyu da ake rubuta koji da su Japanawa ne suka ƙirƙira, suka haɗa alamar shinkafa da ta fure. Sunan na da daɗi a baki. Sai dai manomin shinkafa a Kura ko Argungu in ya ji furen shinkafa, abin da ke fitowa a kan zangarniya zai gani.

"Naman gwari" da injinan fassara ke bayarwa ban ma tsaya a kansa ba. Ba wanda ya taɓa ganin abu ya fito wa tuwon da ya kwana biyu ya kira shi haka.

Abin da muke kiran wannan shi ne funfuna. Kuma gaskiyar magana koji funfuna ce, ba wata kwana-kwana. Na san kalmar na sa mutum ya yamutsa fuska, wani ma ya rubuto cewa in aka sa ta ba mai ƙara sayen shoyu. Ni a ganina ba aikin mai fassara ba ne ya ɓoye wa mutane abin da ke cikin abincinsu. Damuwata da kalmar wata ce daban, kuma babba ce.

Koji yana da ɗan'uwa na jini mai suna Aspergillus flavus. Manomanmu sun san shi ko ba su san sunan ba: shi ne ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu ko rumbu. Shi ke fitar da gubar aflatoksin mai lalata hanta har ta kai ga ciwon daji. Su biyun sun yi kama ƙwarai, har masana na ganin koji daga jikin wancan aka samo shi, mutane suka yi ta zaɓe da ware iri shekaru aru-aru har aka samu wanda ba ya fitar da gubar. To ku duba haɗarin. In muka rubuta cewa Japanawa na cin "funfunar shinkafa" kuma tana da amfani, muka yi shiru a nan, akwai wanda zai kalli shinkafarsa ko gyaɗarsa da ta yi funfuna ya ce ai ba komai. Dole sunan ya raba tsakanin wadda ta faɗo da kanta da wadda aka reno.

An ce "funfunar gida", a kan tsarin zomon gida da zomon daji. Ta kusa, amma wadda ke kama tuwo a kwano ma ai a gida take.

Shawarata ita ce funfunar kiwo.

Dalilina shi ne abin da na gani ta gilashin nan kiwo ne, ba wani abu ba. Akwai iri da ake saye wurin masu iri. Akwai ɗaki na musamman. Akwai abincin da aka tanada, akwai tashin dare, akwai kula da zafi da sanyi, akwai cutar da ake tsaro. Kunnen Bahaushe kuma ya saba da kifin kiwo da kajin kiwo, yana jin kalmar ya san akwai mai shi, akwai hannu a kai, ba tsintuwa ba ce. Tarihin abin ma haka ya nuna. Tun ƙarni na 8 wani kundin lardin Harima ya ambaci shinkafar da ta jiƙe ta yi funfuna aka haɗa giya da ita. Daga wannan dace aka koma sana'a. Masu iri suka gano cewa in aka barbaɗa tokar itace a kan shinkafar, sauran ƙwayoyin ba sa jurewa amma koji na jurewa, da haka suke tace irinsu tun ba a san madubin ganin ƙwayoyin cuta ba. A 1419 masu koji na Kitano a Kyoto suka samu izinin hukuma cewa su kaɗai za su riƙa yinsa a birnin, kuma rigimar da ta biyo baya a 1444 sai da ta kai ga ƙonewar wurin bautar Kitano. A 1894 wani masanin kimiyya ɗan Japan, Takamine Jokichi, ya yi rajistar wani maganin narkar da abinci a Amurka wanda ya ciro daga koji. A 2006 ƙungiyar masana harkar ta Japan ta ayyana shi a matsayin funfunar ƙasa. Har yau kamfanoni ƙalilan ne ke samar da irin da dukkan ƙasar ke amfani da shi. Abin da aka yi wa irin wannan hidima ya wuce a kira shi funfuna kawai.

Sai dai Japananci na amfani da kalmar a wuri biyu, ga halittar da kuma ga hatsin da ta kama. Ina ganin mu raba. Halittar ita ce funfunar kiwo. Hatsin da aka reno ta a kai kuwa mu bar masa sunansa koji, tunda kalmar ba ta yi karo da komai a Hausa ba, kuma tana zama a baki lafiya lau. Namiji za mu ɗauke shi: kojin shinkafa, kojin sha'ir, kojin waken suya. Ƙurar da ake barbaɗawa irin koji, ɗakin kuma ɗakin koji.

Na gwada su a jimla don in ji ko za su tafi:

"Ana barbaɗa irin koji a kan turarriyar shinkafa, bayan kwana biyu funfunar kiwo ta game ta."

"Miso haɗin waken suya ne da gishiri da kojin shinkafa."

"UNESCO ta karrama ilimin gargajiya na haɗa giyar shinkafa da funfunar kiwo a Japan."

Ni dai kunnena bai ƙi ko ɗaya ba. In naku ya ƙi, ku faɗa.

Ɗan'uwan da ya tambaya daga Japan ko duk abin da aka rubuta koji a jikinsa sai a guje shi: koji shi kaɗai ba barasa ba ne, amma ka riƙa duba abin da aka yi da shi. Mirin da suke zubawa a girki, na ainihin yana da barasa wajen kashi 14. Amazake, wani farin abin sha mai zaƙi, iri biyu ne: akwai na kojin shinkafa da ruwa zalla, akwai kuma wanda ake damawa da dusar da ta rage bayan an tace giya, shi wannan da sauran barasa a jikinsa. Shoyu ma ya kan samu 'yar kaɗan wajen tsimuwa, wasu kamfanonin kuma ƙarawa suke yi don kada ya lalace. Hukuncin kowanne na malamai ne, amma malamin ma sai an fayyace masa mene ne koji, mene ne yisti, kafin ya ba da amsa.

Saura kalma ɗaya da ban gamsu da abin da nake da shi ba: toji, shugaban ma'aikatan, mutumin nan da na ga yana murza shinkafa a hannu. A al'adance ba shi ne mai gidan ba. Manoma ne daga yankuna irin Tanba da Echigo da Nanbu, in an gama girbi sai su bar ƙauyukansu ƙungiya-ƙungiya su tafi gidajen haɗa giya, su yi hunturu a can, bazara ta yi su koma gona, kamar dai cin rani a wurinmu. Toji ne ke ɗebo mutanensa, shi ke da alhakin komai tun daga wanke shinkafa har tacewa. "Manaja" bai ɗauko wannan ba, "shugaban leburori" kuma ya rage masa daraja. An ba ni "sarkin aiki" da "uban aiki", na fi karkata ga na farkon saboda tsarin sarkin ƙira da sarkin noma, amma ina jiran ra'ayinku.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato kuma, don Allah ku gaya mana ko funfuna kuke cewa ko akwai wata kalmar a wajenku, kafin in miƙa wannan ga abokan aiki masu fassarar labarai.